Shekarar da Kawu bai ga allo ba

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, saura ƴan kwanaki a rufe karɓar takardun lanho, wato harajin da ƴan kasuwa ke biyan gwamnati. Ni ban tuna da haka ba. Masu ta'aziyya ne suka tuna mini.

Maza sun cika zaure har sun malala bakin titi, mu mata muna ciki tare da Inna, matar marigayi. Jefi-jefi sai a aiko a ce wani yana son gaisawa da Madam ta buro, wato ni da nake aiki a ofishin Kawu. In na fito sai ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙan shi, shi sa ya huta." In ce amin. Sai ya ƙi tashi. Ya dubi hagu, ya dubi dama, sannan ya sassauta murya: "To Madam, takardunmu fa?"

Na farko da na biyu sun ɓata mini rai. Da aka kai na goma sai na fara kallon fuskokinsu, na ga ba rashin kunya ba ne, tsoro ne. Masu albasa daga Galmi, masu shaguna na cikin Ƙonni, masu motocin kaya, kusan babu wanda ke iya karanta layi ɗaya na takardar da ke iya rufe masa shago. Wata tsohuwa mai sayar da man gyaɗa ta riƙe hannuna ta ce, "Yanzu in sun canza doka, wa zai gaya mana?"

Ranar uku wani dattijo mai sayar da kwanon rufi ya zo. Bai cire takalmi ba, bai hau tabarma ba. Ya tsaya bakin zaure ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya shafa, ya juya. Mutane suka bi shi da ido har ya sha kwana. Da aka gaya wa Inna, sai ta ce, "Ya dai zo."

Tun kafin a share makoki na ji labarin Kawu ya rabu biyu a gari. Wasu yabo kawai suke yi, kamar bai taɓa kuskure ba. Wasu kuma shekara ɗaya tak suke tunawa. Ni na zauna da shi a gida, na zauna da shi a wurin aiki, shi ya sa nake rubuta wannan.

Yayan mahaifiyata ne. Ina da shekara bakwai mahaifina ya rasu, Kawu ya ɗauke ni ya sa ni lakwal, wato makarantar boko. Burosa ɗaki ɗaya ne kusa da tasha: tebur, benci biyu, kabad na ƙarfe, da fanka mai ƙara fiye da iska. Ɗan kasuwa zai kawo masa takardunsa a leda, Kawu ya cika abin da doka ta ce a cika, ya kai, ya dawo masa da shaida. Gari ya sa masa suna Mai Lanho. Da farko ba ya son sunan. Yakan ce, "Ni ba na karɓar ko dala. Ni dai ina tsaye ne kada a karɓi abin da ya wuce ƙa'ida, kada ku ma ku rage."

Kowace shekara gwamnati kan fito da sabuwar dokar kuɗi, a ƙara nan, a rage can, a sauya wata takarda. Sai a kira masu irin aikinmu zuwa Tawa a yi kwana uku ana yi musu bayani. Kawu bai taɓa fashi ba. Inna za ta goge masa riguna uku, ya sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, da jan alƙalamin bik, ya hau motar safe. A ɗakin karatu kujerar gaba yake zama, da furfurarsa, tsakanin yaran da ya haifi kamarsu. Kuma kafin ya je ba ya taɓa takardar kowa. Na sha jin mai albasa yana magiya, "Alhaji, ai irin ta bara ce, cika mini kawai in wuce." Sai ya ce, "Ka ga ta bana? To ni ma ban gan ta ba. Ka dawo Asabar."

In ya dawo, sai ya ɗaure littafin dokar bara da igiya ya kai gida ya ɗora bisa kabad. Ba ya yarda na bara da na bana su kwana ɗaki ɗaya, wai hannu yana iya ɗauko wanda ya saba da shi. Ranar Asabar kuma ya tara ƴan kasuwa a rumfar gaban buro, ya juya musu Faransancin zuwa Hausa, kyauta. Da magana ɗaya yake farawa kullum: "Ku saurara, in nuna muku inda ramin bana yake."

Yana da taurin kai, wannan ba a ɓoye yake ba. Ƙanensa, ƙaramin kawuna mai motocin kaya, ya taɓa roƙonsa ya bar mota ɗaya kada ya sa ta a takarda.

"Ɗaya ce kawai, Yaya. Kuma rabin shekara tana gareji."

"To sai mu rubuta rabin shekara tana gareji."

"Kai dai ka bar ta. Wa zai sani?"

"Ni."

Ƙaramin kawu ya kwashe takardunsa ya kai wani wuri. Sallah biyu ba su gaisa ba. Sai ranar sunan ɗana na fari Inna ta zaunar da su a kwano ɗaya.

Tsohuwar nan mai man gyaɗa kuma, an taɓa sa sunanta cikin manyan ƴan kasuwa bisa kuskure, aka aiko mata da takarda mai firgitarwa. Sau biyar Kawu yana rufe burosa yana raka ta har aka gyara. Ta kawo masa kwalbar mai. Na zaci zai ƙi karɓa, sai ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Da ta tafi ya ce mini, "Da na ƙi, da ta kwana tana jin na raina abin hannunta."

Bayan na gama karatun lissafi na dawo na zauna tebur ɗaya da shi. Shekara takwas muna zuwa Tawa tare. A ta tara ina da tsohon ciki, likita ta hana ni hanya, ya tafi shi kaɗai.

Alamun sun riga sun fito, ni ce ban haɗa su ba. Yana zuba shayi ya zuba a gefen kofi. Wani ya yi sallama a ƙofa, sai ya jira ya ƙara magana kafin ya kira sunansa. Yakan miƙo mini takarda ya ce, "Karanta da ƙarfi in ji ko kin gane," ni kuwa ina jin haushi wai har yanzu yana gwada ni. Da ya dawo daga Tawa ya biyo gidana dubiya, na tambaye shi me aka canza.

"Bana ba su taɓa abu mai yawa ba," in ji shi. Ya kau da kai ya tambayi jikina.

Asabar ɗin nan bai tara mutane a rumfa ba. Ya ce mura yake yi.

Ashe a shekarar an ƙara wata takarda da duk mai kayan da ke ƙetare iyaka, shiga ko fita, zai haɗa da nasa. A gari kamar Ƙonni wannan ba ƙaramin canji ba ne. Kawu ya cika wa mutane takardunsu tsaf, yadda ya cika bara.

Na haihu, na yi arba'in, na koma aiki. Kwana huɗu da komawata ɗan aiken masu karɓar lanho ya tsaya da babur ya miƙa wa mai kwanon rufi takarda mai hatimi. Ya kawo wa Kawu, Kawu ya juya ta a hannu ya ce ba komai, zai duba, ya sa ta a aljihu. Ban gan ta ba. Bayan ƴan makonni, ranar kasuwa da safe, ma'aikata suka zo suka sa wa shagon kwado. Daf da damina ne, lokacin da kowa ke neman kwano ya rufe ɗakinsa.

Shi da Kawu tun makarantar allo suke tare, kowace Juma'a kwano ɗaya suke ci. Ya shigo buro bai zauna ba, bai kuma ɗaga murya ba.

"Kai ka cika?"

"Ni na cika."

"Ka je Tawa bana?"

"Na je."

"To," in ji shi, ya fita.

Da Kawu ya tafi sallar azahar na buɗe kabad na ɗauko kayensa na bana. Shafin farko rubutunsa ne, sai dai manya-manya. Daga na uku layuka suka fara hawa kan juna, wasu sun zarce bakin takarda. Ranar ƙarshe, sunan ranar kawai ya rubuta. Na kira wata abokiyar aiki a Illela, ta ce ai bana ba a raba littafi ba, a waya aka turo wa kowa. Bayanin ma a allo aka haska shi da na'ura, an kashe fitilu, malamin yana ta cewa "kamar yadda kuke gani a nan" yana wucewa.

Ya dawo ya same ni da kayen a buɗe. Bai gan shi ba sai da ya shafa tebur.

"Kawu, tun yaushe?"

"Tun yaushe mi?"

"Idonka."

Ya zauna a hankali. Ya ce, "Shekara talatin da wani abu ina zama a gaba. In ɗaga hannu in ce ba ni gani, gaban yaran da na koya wa riƙon bik?"

Na faɗi maganar da har yau nake jin nauyinta. Na ce, "Ka gwammace a rufe shagon mutum da a ce ka tsufa."

Bai zage ni ba. Ya ce in ajiye masa makulli in tafi gida. Kwana tara ba mu ga juna ba. Ranar na goma da safe na ji sallamarsa a ƙofar gidana, abin da bai saba ba, domin shi ake zuwa gaisarwa. Gefen rigarsa duk laka, ya faɗa kwata a hanya. Ya ce, "Ɗauko mayafinki, ɗiyata. Ki riƙe ni ki kai ni buron lanho."

A can ya tsaya gaban shugaban wurin ya faɗi komai, bai rage ba. Mutumin ya ba shi kujera, ya saurare shi da girmamawa, sannan ya ce doka sunan da ke kan takarda ta sani, kuma sunan ɗan kasuwa ne. An buɗe shagon bayan ruwa ya sauka, masu saye sun riga sun koma wani wuri, ga tara a kai. Kawu ya sayar da filinsa na hanyar Malbaza ya aika wa abokinsa da kuɗin. Kafin la'asar aka dawo da su, ko buɗe ƙunshin ba a yi ba. Daga nan ba su sake cin abinci tare ba.

A asibiti aka ce ciwon suga ne ya cinye idon, ba zai dawo ba.

Abin da ya fi damunsa ba idon ba ne. Ya san ana iya waiwayar takardun mutum ko bayan shekaru. Ya sa na fito da na duk wanda kayansa ke ƙetare iyaka, muka fara bin su ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe da hannun rigarsa. A kowace ƙofa magana ɗaya yake yi: "Na ɓata maka takarda. Ka zo mu je mu gyara tun ba su zo ba." Wasu suka bi mu, abin ya zo musu da sauƙi. Wasu suka yi kuka don tausayinsa. Wani mai shagon taya ya ce, "Ba su neme ni ba, kai kake so in kai kaina? Fice mini daga nan, tsoho." Kawu ya ce ya gode, muka fita. Bayan wata shida babur ya tsaya ƙofar mai tayan.

Tun daga lokacin, duk sanda babur ya tsaya gaban buro sai Kawu ya katse maganar da yake yi, ya karkata kai, har sai ya ji muryar wanda ya sauko. A tasha muke, babura ba sa yankewa. Ya rame. Ni nake cika takardu, shi yana zaune kan benci yana saurare ina karanta masa, wani lokaci ya ce, "Koma baya, layin can bai zauna ba," kuma in na duba sai in ga da gaskiyarsa.

Da shekara ta zagayo na zaci ba zai je Tawa ba. Sai na ga Inna tana guga. Muka shiga ɗakin karatu ina jan sa, ya ce in kai shi kujerar gaba. Aka kashe fitilu, aka haska allo, malamin ya ce, "Kamar yadda kuke gani a nan." Kawu ya ɗaga hannu.

"Ɗana, ni ba ni gani. Karanta muna."

Malamin ya koma farkon shafi ya karanta layi-layi. Da aka fita shan ruwa, dattawa uku suka zo suka kama hannun Kawu. Ɗayansu ya ce shi ma shekara biyu ke nan yana kallon allon nan kamar hayaƙi. Kawu bai yi murmushi ba. A mota ya ce mini, "Kalma huɗu ce. Da bara na faɗe ta."

Ya ƙara zuwa sau biyu bayan wannan.

Mutum ɗaya ya rage ba mu gaya wa ba, wani dattijo a Tajaye mai sayen wake yana kaiwa ƙetare. Bai taɓa tambayar Kawu me ke cikin takarda ba, dangwala yatsa kawai yake yi ya ce Allah shi saka. Kowace kaka sai ya aiko da buhun wake, kuma ɗansa na ƙarshe sunan Kawu ya ci. Sau biyu muna kama hanya. Duk biyun muna isa tashar Illela sai Kawu ya ce jikinsa ba daɗi, mu koma. Na ce ya bar ni in je ni kaɗai, ya hana, wai bakinsa ya kamata mutumin ya ji. Haka shekaru suka wuce, wake yana zuwa, Kawu ba ya iya cin sa.

Saura kwana biyu ya rasu, da safe, ya sa aka fitar da kowa daga ɗaki sai ni.

"Saura na Tajaye."

"Na sani, Kawu."

"Ki je. Kada ki ce an yi kuskure. Ki ce ni na yi, kuma na sani na yi shiru."

Bayan addu'ar bakwai na zauna na gama takardun mutane kafin a rufe karɓa. Washegari na hau mota zuwa Illela, daga can na hau kabu-kabu. Na sami dattijon zaune a inuwar rumbu, ƙafarsa ɗaure da karan ɗori, abin da ya hana shi zuwa ta'aziyya ke nan. Ya yi mini gaisuwar rashi yana hawaye. Na bari ya gama, sannan na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni, ban sassauta ba.

Sai ya tambaye ni.

"Shi ya ce ki faɗa haka?"

"Shi ya ce, Baba."

Ya cire hularsa, ya zaro wata ambulan da ya ninke a ciki. Tun daga nesa na gane hatimin. Ya ce kwana goma sha biyu ke nan da aka kawo masa, bai ba kowa ya karanta ba, yana jira ƙafa ta yi sauƙi ya kai wa Alhaji. Na miƙa hannu zan karɓa, sai ya janye ta.

"Tsaya tukuna, ɗiyata. Bari in yafe mai tun ban san abin da ke ciki ba. In na ji, ban san ko zuciyata za ta iya ba."

Ya ɗaga hannu ya ce ya yafe wa Kawu duniya da lahira, ya sa ni na shaida. Sannan ya ba ni na buɗe.

Kira ne, an ba shi kwanaki ya bayyana da takardunsa na waccan shekarar. Muka je tare, an ɗauke shi a kan kujera. An ci shi tara, sai da ya sayar da bijimansa biyu na noma daf da shuka. A hanyar dawowa bai ce mini uffan ba, har muka rabu a tasha. Ban san abin da ke ransa ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani, har yau bai aiko ya ce ya janye maganar da ya yi a gindin rumbu ba.

Mai tayan bai yafe ba, ya faɗa a bainar jama'a. Akwai kuma mutum biyu da suka ƙi bin mu wancan lokaci, kuma har yanzu ba a neme su ba.

Allah ka san shirun da ya yi, ka kuma san ƙofofin da ya bi yana lalube. Ka yi masa hisabi mai sauƙi, ka sanyaya zukatan waɗanda ya ɓata wa, ka haskaka masa kabarinsa. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani.